Waƙar Baba Ɗantani a Ƙasan Rijiya

Kafin rana ta yi zafi Baba Ɗantani kan shigo ta Ƙofar Kabuga, igiya a kafaɗa, guga da 'yar fartanya a hannu. Haka muka san shi a Soron Ɗinki tun ina amarya. Yasar rijiya ce sana'arsa. Yakan tsaya a soro ya yi sallama, a ce mata su kauce, mu kuwa mu kauce zuwa bayan labule inda za mu fi ganinsa da kyau.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya shiga rijiya sai da waƙa. Tsohuwar rijiya takan tara muguwar iska mai ɗauke numfashi, don haka yakan ce wa mai riƙe igiya, "In ka ji waƙa ta tsaya, ja kawai." Shi Kirista ne daga wani ƙauye a bayan ganuwa, waƙar kuma ta cocinsu ce, yana ce wa Allah shi ɗansa ne kuma bawansa. Muryar kuwa, an ba shi ƙarfinta an hana shi daɗinta.

Surukata Hajiya Mabruka ta taɓa tsare shi. "Ɗantani, bawa dai mun ji, mu ma bayin ne. Amma wannan ɗa da kake cewa fa?"

"Hajiya, haka aka koya mana. Da bawa ne ni kawai, da tsoro zan riƙa aiki. Da ɗa ne kawai, da na miƙe ƙafa a inuwa. To na haɗa biyun, shi ya sa nake shiga rami ina waƙa."

"Kai da addininka," in ji Hajiya, ta sa aka dama masa fura.

Sai rikicin sittin da shida ya zo. Mutane suka yi ta gudu daga Kano, famfon unguwarmu ya ƙafe, muka koma shan ruwan kududdufi. Gudawa ta kama ɗana Abdulƙadir har ya daina kuka. Rijiyar gidanmu kuwa mun bar ta ta cushe tun zuwan famfo. A lokacin da 'yan cocinsu ke ɓuya, sai ga Ɗantani a soro da igiyarsa.

Maigidana Salim ya ja shi gefe. "Don Allah yau ka yi shiru. Samari na yawo a lungu da sanduna, in suka ji waƙar nan ba zan iya tare su ba."

"Malam, in na yi shiru ta yaya za ka san ina raye?"

"To rera wata mana."

"A can ƙasa wata ba ta zuwa mini."

Hajiya ce ta raba gardama. Ta sa aka fito da duk turamen gidan, aka zuba gero, ta ce mu yi lugude kamar ana shirin biki, don ƙarar ta danne waƙar. Da Ɗantani ya sauka, Salim ya kwanta rubda ciki, kansa cikin rijiya, don shi kaɗai ya ji. Muka yi ta daka har geron ya koma gari, muka ci gaba da dukan garin. Samarin sun zo kuwa, sun buga ƙofa. Hajiya ta leƙa ta ce, "Daka muke, ko za ku taya mu?" Suka wuce.

Ba a jima ba Salim ya yi ihu: waƙa ta tsaya. Muka yar da taɓare muka kama igiya, mun manta da wani kulle. Ɗantani ya fito a sanƙare, laka har ido. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya shi ne ko idon ruwan ya buɗe. Bai buɗe ba. Washegari ya dawo ya ƙarasa, mu ma muka koma kan turamenmu. Abdulƙadir ya tashi, kuma duk tsawon yaƙin basasa rijiyar nan lungunmu ya sha, har da gidajen su masu sanduna.

Kai ne Ɗantani na Kabuga, mai shiga inda maza ke leƙawa su ja da baya. Har yau ban yarda da maganarka ta ɗa ba, ka sani, amma na ga abin da ta sa ka yi. Wallahi ina kewar zamanin da muryarka marar daɗi ke tashi daga tsakar gidajenmu. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku matasa, in maƙwabci ya shiga rami dominku, kada ku tsaya tambayar me yake rerawa, ku riƙe masa igiya.

Bana gwiwa ta hana Baba Ɗantani fita ko ƙofar gida. Abdulƙadir, wanda yanzu yake da jikoki, ya kai ni gaishe shi. Muka tarar da shi a tabarma yana rera waƙar can ƙasa-ƙasa, sai tari ya katse shi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Baba ya yi dariya ya ce mini, "Zauna, Hajiya, ba sai kin ja ba tukuna."

Ci gaba da waƙarka, Baba. Muna nan a bakin rijiya, kunnenmu na wurinka.