Shekarar da Muka Buɗe wa Hatsi Baki

Wata Juma'a, a damanar da nake aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, babana ya dawo Tsibiri daga kasuwar Maraɗi da wata 'yar kwalba a aljihu. Kwana goma sha bakwai ke nan rabonmu da ruwan sama. Hatsinmu ya kai gwiwa, amma da rana ta take sai ganyen ya nannaɗe kamar tabarma, mu yara mu bi kunya-kunya muna warware shi da yatsu, muna saki yana komawa. Wannan gonar ce abincinmu na shekara, rumbu kuwa har ana ganin gindinsa.

"Ɗiyata, duba mini, mi anka rubuta nan?" in ji shi. Ni kaɗai ke karanta Faransanci a gidan, ga ni da rawar kai. Na ce maganin farkar da tsiro ne ya yi girma. Ƙaramin rubutun gargaɗi da ke ƙasa ko kallonsa ban yi ba. Kakata, wadda muke kira Iya, ta ce, "Ku ƙyale shi hakanan. Bakinshi ya rufe don kar ruwan cikinshi shi tsere." Na kwashe da dariya, na ce yaushe hatsi ya yi baki.

Muka fesa. Kwana biyu ganye ya miƙe, gona ta yi shar, masu wucewa suna tsayawa kallo, ni kuwa kaina ya kumbura. Rana ta biyar ganyen ya fara ƙonewa. Muka dinga jigilar jarkoki daga rijiya a amalanken jaki, ƙasa tana shanyewa kafin mu juya. Na ga babana tsaye tsakiyar gona ya riƙe ƙugu, na rasa abin da zan yi masa, sai na fashe da kuka. Bayan mako aka yi ruwa. Hatsin maƙwabcinmu da aka bari a nannaɗe ya farfaɗo, namu ko motsi bai yi ba.

Yau a Sabon Gari nake koyarwa. Nakan zana wa ɗalibai ƙananan kafofin da ke jikin ganye, in gaya musu idan saiwa ta ji fari takan aika da wani sinadari ya rufe su, akwai kuma masu buɗe su, irin na cikin kwalbar nan. Su kwafe suna hamma, ni kuwa muryar Iya nake ji. Babana bai taɓa tayar mini da maganar ba. Har ya rasu, duk takardar da ta shigo gidan ni yake miƙa wa, ni kuma daga ƙaramin rubutun nake farawa.