Ƙusa a Kumatun Mai Turare

Shekara talatin da biyu Mai Turare ya yi yana haɗa ƙamshi a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin bene, kusa da mai gyaran agogo. Mace za ta miƙo masa tsohon gyale, ya shinshina sau ɗaya, ya juya ya ɗauko kwalabe uku, shi ke nan.

Da haƙorinsa na tauna ya ruɓe aka cire, babbar 'yarsa ta matsa masa lamba sai an dasa wani. Aka ɗaura wata 'yar ƙusa a ƙashin muƙamuƙinsa na sama, aka ce ya jira ta kama. Bayan wata biyu kumatunsa na dama ya yi nauyi, hancin ya toshe, ya fara jin wani wari da babu mai ji sai shi. Ya zargi kwata, ya wanke shago tas. Ran nan wata tsohuwar mai saye a wurinsa ta dawo da turare, ta ce wannan ba hannunsa ba ne. Bai gaya wa kowa ba cewa hancinsa ya daina jin ƙamshi. Matarsa ce ta gano, ranar da girki ya kama yana zaune bakin kicin bai ji ƙaurin ba.

Hoton asibiti ya nuna ƙusar ta zame ta faɗa kogon da ke bayan kumatu, wurin ya yi mugunya. Likitar ta ce ba za a yanka masa fuska ba. Siririn bututu mai fitila da kyamara za ta zura ta hanci ta ciro ta.

Ya ce, "Likita, da hancin nan nake ciyar da gidana."

"Na sani, Baba. A hankali zan bi shi."

Aikin bai kai awa ɗaya ba. Aka miƙa masa ƙusar a kwalba, matarsa ta ce duk rigimar nan ashe a kan abin da bai kai ɗan kunnenta ba ne.

Ƙamshi bai dawo rana ɗaya ba. A mako na biyar, yana buɗe shago, ya ji sabulun da aka goge matakalar bene da shi. Ya tsaya da makulli a hannu, sannan ya shiga.

Giɓin kuwa yana nan. 'Yar tana ta tayar da maganar sabon dashe, shi kuma ya ce tauna da hagu ta ishe shi.