Malam Ilu da Masu Dogon Kunnensa

Ina kicin da safen nan, ruwan shayi ma bai tafasa ba, sai ga wayar ƙanena Bala. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Yaya, Malam Ilu ya rasu."

Na nemi kujera na zauna. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Yawancinku ba ku san shi ba. Bai riƙe wani muƙami ba, bai taɓa riƙe babbar waya ba. Abokin aikina ne a Kaduna a shekarun saba'in, bayan an gama yaƙin basasa. Ofis ɗaya muke, ni ina buga tafireta, shi yana zanen taswira. Kuma maƙwabcinmu ne a Kurmin Mashi, katanga ce kawai ta raba mu.

Ranar da na fara aiki ribin ɗin tafiretata, zaren nan mai tawada, ya sarƙe, hannuna duk baƙi, saura kaɗan in fashe da kuka. Ya taso yana ɗingishi ya warware min, ya ce, "Ke ba ki yi komai ba. Ni ranar farko tawada na kifar a kan lardi guda."

Lokacin da kananzir ya yi wuya, sai in buɗe ƙofa in tarar da kwalba a ajiye. In na tambaye shi ya ce shi bai san zancen ba.

Amma ba zan yi muku ƙarya don ya mutu ba. Mun yi rigima da Malam Ilu, rigima sosai, kuma a kan wasu banzayen halittu da shi ya ƙirƙiro da kansa.

An haife shi da ƙafar hagu gajera. Lokacin yaƙi ya je shiga soja, aka dube shi sama da ƙasa aka ce ya koma gida. To sai ya kafa tasa rundunar da baki. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin mangwaron ƙofar gidansa, samarin unguwa su kewaye shi, ya hau ba su labarin Masu Dogon Kunne.

Wai wasu halittu ne a wani kurmi da rana ba ta ratsa shi. Ba mutane ba, ba aljanu ba. Sirara, dogaye, kunnuwa a tsaye. Shi cewa yake kamar ganyen gamba, ni dai kunnen jaki nake gani. Kowane gida sai ya ba da ɗa namiji guda. Da ya isa jan baka sai a sa shi a kwando a ja shi saman bishiya, daga ranar kuma ƙafarsa ba ta ƙara taɓa ƙasa. Taka ƙasa abin kunya ne a wurinsu. Da hannu suke tafiya, daga wannan reshe zuwa wancan.

Sana'a ɗaya suka iya, harbi. Ba maƙeri a cikinsu, ba masaƙi, ba malami.

Mulkin nasu kuwa sai kun ji. Muƙamin kowa reshensa ne, iya yawan waɗanda ka harbe, iya nisan hawanka. Can sama akwai Majalisar Kibiya, taron tsofaffin mayaƙa. A samansu kuma akwai wani wai shi Na-Ƙololuwa, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba sai tafin ƙafarsa. Umarni daga sama yake gangarowa reshe-reshe, amma magana ba ta hawa. Kuma wanda bai taɓa harbi ba, ba shi da baki a taro.

A ƙasa akwai waɗanda ake kira 'yan saiwa: mata, da ƙanne, da duk wanda ba a ja shi sama ba. Su za su yi noma, su yi daka, su yi girki, su ɗaura ƙwarya a igiya a ja sama. Abin da ke sauko musu kuwa ƙwarya ce ba wanki, sai sabon umarni.

Ku ji fa! Ƙattin banza sun haye bishiya kamar birai, ana tura musu tuwo da igiya, suna kiran kansu jarumai. Wai ita ce ƙasar da samarin Kurmin Mashi suke kwana suna tashi da ita.

Da ban damu ba, kowa da abin da yake ɓata lokacinsa da shi. Amma Bala yana cikinsu, kuma a gaba-gaba yake zama.

Mu uku ne a wurin Inna: Yaya Audu, ni, sai Bala. Yaya Audu ya tafi yaƙi bai dawo ba. Inna tana ƙauyenmu can wajen Katsina, ta damƙa min Bala ya yi karatu a wurina. Ranar da za mu taho ta riƙe min hannu ta ce, "Rakiya, shi kaɗai ya rage. Ki dawo min da shi."

Yana ajin ƙarshe a sakandare. Sai na ga yaro ya fara tafiya yana turo ƙirji. In na aike shi ɗibar ruwa ya ce ai wannan aikin 'yan saiwa ne. Ran nan muna cin tuwo ya ɗago kai ya ce, "Yaya, an fara ɗaukar soja. Zan bar makaranta."

Kada wani ya zo min ƙasan rubutun nan ya ce na zagi soja. Yayana soja ne, kuma aikin masu zuciya ne. Amma wanda zai shiga ya shiga da idonsa a buɗe, ba don tatsuniyar gindin mangwaro ba, kuma ba ɗa ɗaya tilo da ya rage wa tsohuwa ba.

Na lallashe shi, na yi faɗa, na yi kuka. Amsa ɗaya ce: "Ke ba za ki gane ba."

Ni kuma ba a gaya min haka.

Washegari bayan la'asar na yafa gyalena, na ɗauki kujerata 'yar tsugunno, na je na dasa ta a gefen tabarmar maza. Hajjo, matar Malam, ta leƙo daga zaure tana zaro ido. Na tarar yana ba su labarin mutuwar wani jarumi, yadda ake rataye bakansa a babban reshe, a buga ganga, Majalisa ta yi masa kirari. Samari duk baki a sake, har ƙuda zai iya shiga ya fita.

Na ce, "Malam, ina da tambaya."

Wani cikinsu, Sule, ɗan gidan wani direba, ya ce, "Wanda bai yi harbi ba, ba shi da baki a taro." Suka kwashe da dariya.

Na ce, "Kai Sule, me ka taɓa harbi ban da ƙadangare da danƙo? Rufe min baki."

Ya rufe.

Na juya na ce, "Malam, an buga ganga, na ji. To wa ke sauka ya gaya wa uwarsa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Haba Rakiya, ai labari ne."

Na ce, "Na san labari ne. Kai ka ce ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa, kai ka ce uwar tana ƙasa. To ta yaya take ji? A ƙwaryar tuwo ake jefo mata?"

Ni kuma bakina ya riga ya buɗe, sai na ba su nawa labarin. Na gaya musu ranar da wani abokin Yaya Audu ya shigo gidanmu da bargonsa da butarsa. Inna tana daka. Ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi. Ba ta ajiye taɓarya ba, sai ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Ta ci gaba da daka, gero ya zama gari, gari ya fara tashi daga turmi, tana ta yi. Sai da mata biyu suka ɓamɓare yatsunta daga taɓaryar.

Bala bai ga wannan ba, lokacin an tura shi maƙwabta. Kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Malam Ilu ya naɗe tabarmarsa ya shige gida.

Kwanaki ba a yi zama ba. A ofis ba ya haɗa ido da ni. Samarin unguwa in na wuce sai tsaki. Bala ya daina yi min magana, kuma na ga ya haɗa kayansa a jaka ya tura ƙarƙashin gado. Tunanina ɗaya, da wane baki zan gaya wa Inna.

Sai wata la'asar Hajjo ta leƙo ta ce, "Malam ya ce ki zo da kujerarki."

Na je. An cika fiye da kullum. Ya gyara zama ya ce, "Akwai abin da ban gaya muku ba."

Ya ce in jarumi ya mutu, ba mai sauka. Bayan an gama ganga da kirari, sai a kwance bakan a ɗaura shi a igiyar da ake sauko da ƙwarya. Uwar za ta zo da safe ɗaukar wanke-wanke, sai ta gan shi yana lilo. Kuma doka ta hana ta kuka, don kuka yana hawa sama ya dami Majalisa. Abin da ake so ta yi, ta ɗaga kai ta yi godiya.

Ya ce igiyar kuma ba ta komawa haka. Reshen mamaci ba ya kwana ba kowa. Ita uwar da hannunta za ta sa ɗanta na biye a kwando, ita za ta ɗaure, ita za ta girgiza igiyar a ja.

Sule ya ce, "To Na-Ƙololuwa fa? Ai zai sa mata albarka."

Malam ya ce, "Shi bai san sunan kowa ba. Rassa yake dubawa, in ya ga wani ba kowa ya ce a cike. Kuma kibiyar abokan gaba ba ta kaiwa inda na sama suke. Rabon 'yan Majalisa da jan baka, su ma sun manta. 'Yan ƙananan rassa ne ke mutuwa."

Sannan ya ce akwai wata uwa da aka ja ɗanta na ƙarshe, ta ƙi sakin igiyar, har sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Bala ya miƙe ya bar wurin.

Na same shi a ɗaki yana zaune a bakin gado. Ya ce, "Yaya, da gaske sai da aka ɓamɓare hannunta?" Na ce, "Da gaske." Ran Litinin na ga ya sa yunifom ɗinsa ya ɗauki littattafai.

Samarin kuwa suka ce Malam ya ɓata labari. Marasa kunya! Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana nishaɗantar da su ko sisi ba su ba shi ba, rana ɗaya ya gaya musu abin da ba sa son ji, suka watse. Suka koma ƙwallo da silima. In sun wuce ƙofar gidansa ko gaisuwar kirki babu.

Gindin mangwaron nan shi ne wuri ɗaya a duniya da in Malam Ilu ya buɗe baki ake yin tsit. Bayan ranar nan sai in gan shi bayan la'asar shi kaɗai a kan tabarma da 'yar rediyonsa. Bai ƙara ba da labarin ba, bai kuma taɓa yi min gori ba. Kwalbar kananzir ma ba ta daina zuwa ba.

Bala ya gama makaranta, ya yi aikin koyarwa har ya yi ritaya. Inna ta ga 'ya'yansa. Da ta rasu, shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Bara muka je gaishe da Malam a Kinkinau, a gidan babban ɗansa. Hajjo ta daɗe da rasuwa, shi kuma ido ya tafi. Ina yin sallama ya ce, "Wa nake ji kamar shugabar 'yan saiwa?"

Muka gaisa. Ya ce, "Rakiya, har yanzu kina tsanar mutanena?"

Na ce, "Har gobe, Malam. Ragwaye ne, maciya tuwon igiya."

Ya yi dariya har da tari. Da ya lafa ya ce, "Gaskiyarki. Amma duk tambayoyinki akwai wadda ba ki yi min ba. Ba ki tambaye ni me ya sa na hana su taka ƙasa ba."

Ya shafa gajerar ƙafar ya ce, "Su kaɗai suka ɗauke ni ba su dubi wannan ba."



Ya ce, "Ina Bala?" Bala ya matsa ya ba shi hannu. Ya riƙe, ya shafa, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce, "To, ai ban yi asara ba."

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Masu Dogon Kunne dai ban yafe musu ba, kuma ba na yi musu addu'a. Su ci gaba da zama a kan bishiyarsu. Amma wanda ya ƙirƙiro su ya rushe su da bakinsa a gaban jama'a don ƙanena ya koma wurin uwarsa, kuma ya san abin da zai rasa.

Yau bayan azahar za a kai shi. Bala yana cikin masu ɗauka.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanka Iliyasu. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da Hajjo da Inna da Yaya Audu a gidan rahama. Ka tashe shi a kan ƙafafu biyu lafiyayyu, Ka ƙetarar da shi siraɗi ba ɗingishi.

Ku kuma masu karantawa, don Allah kada ku manna min hoton fuska mai hawaye ku wuce. Ku tsaya, ku ɗaga hannu, ku kira sunansa. Iliyasu ne.