Kunun Ɗakin Ƙyanda

Jiya a Yelwa, ana yi wa ɗiyata rigakafi, malamar asibiti ta ce allurar tana nuna wa sojojin jini kamannin cutar ne, don su gane ta idan ta zo. Sai marigayiya kakata ta faɗo mini a rai.

Shekarar da ƙyanda ta shiga gidanmu a Wara, Kaka ta killace ƙannena da suka kamu a ɗakinta mai ƙaurin bandar kifi, ta hana yara shiga. Ni kaɗai ta miƙa wa ƙwaryar kunu in kai musu. Na toge a bakin ƙofa.

"Shiga mana, matsoraciya," ta ce. "Kin yi taki ƙyandar tun kina goye. Jininki ya san ta, ba ta sake kayar da ke."

Na shiga, kuma ko zazzaɓi ban yi ba.

Kaka, yadda kika tsare mana ƙofar nan, Allah ya tsare miki makwanci.