Yatsu Huɗu Tsakanin Ido da Gilashi

A girata ta dama akwai tabo mai siffar jinjirin wata. Jikokina sun ɗauka faɗa na yi ina saurayi, ni kuma ban cika gyara musu ba. Madubin bindiga ne ya sare ni, a wani fili mai gishiri kudu da Khumra, a gefen Jidda, a gaban mutumin da na fi jin kunya a duniya.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina. Mahaifina da ƙafa ya zo aikin hajji, bai koma ba. Bai bar mini komai ba sai sanin hanyar bakin ruwa, inda na fara sayen agogo da tabarau a hannun ma'aikatan jiragen ruwa ina kaiwa kasuwar gwanjo. Da tafiya ta yi tafiya na kama ɗan shago, faɗinsa bai wuce mutum ya miƙa hannu biyu ba. Duk abin da ke da gilashi ina sayarwa: agogo, kyamara, madubin hangen nesa da Larabawa ke kira darbil, sannan daga baya madubin da ake ɗaura wa bindigar farauta, lokacin da masu hali suka fara fita daji da motoci a watannin sanyi.

Ban taɓa zama maharbi ba, amma na san haja. Na san iskar Jidda mai laima tana shiga madubin da ba a toshe shi da kyau ba, ta bar masa hazo a ciki wanda ba tsumman da zai goge. Don haka kowane madubi ya zo hannuna sai na kai shi wurin mai ƙanƙara, ya kwanta a kan dutsen ƙanƙara na ɗan lokaci, in fito da shi rana. Wanda ya yi gumi a waje kawai, na ajiye. Wanda ya yi gumi a ciki, na mayar wa mai shi. Na kuma san cewa cikin masu saye goma, tara babba suke nema, wanda ke jawo abu kusa ninki goma ko sha biyu. Nakan gaya musu gaskiya: babban madubi yana jawo barewa, yana kuma jawo rawar hannunka da bugun zuciyarka da kawalwalniyar rana, ga shi kamar leƙe ta ramin allura, dabba na motsawa ka rasa ta. Mai farautar yau da kullum ninki huɗu ya ishe shi. Wasu su ji, wasu su sayi babban, in karɓi kuɗina.

Surukina, mahaifin maiɗakina, shi ne maharbi na ainihi. A dajin ƙasar Katsina ya tashi da bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ya yi shekaru a Sudan yana noman auduga kafin ya ƙetaro teku zuwa Jidda. A nan wani attajiri Balarabe mai rumbunan kaya a Khumra ya ɗauke shi, don ya gane mutum ne mai karanta sawu. Duk fita farauta da gidan za su yi, shi ne a gaba: shi zai nuna inda barewa ta bi, kuma in iyayen gidan sun harba sun raunata dabba, shi zai ƙarasa ta da harsashi ɗaya. Wannan aiki shi ne mutuncinsa. A unguwa ba a kiransa da komai sai maharbi.

Tsakanina da shi kuwa akwai abin da ke tsakanin kowane Bahaushe da surukinsa, ko da an haife shi a bayan teku. Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi sai in tuɓe takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ina kallon ƙasa. Ban san launin ƙwayar idonsa ba. Maƙwabtanmu Larabawa suna mana dariya, su da ke shan shayi da surukansu suna musu.

Wata shekara, ana gab da fita, babban ɗan attajirin ya dawo daga Bairut da sabon madubi mai ninki sha biyu, ya sa aka ɗaura wa bindigar da surukina ke riƙewa. Aka jera gwangwanaye, tsohon ya harba uku, bai taɓa ko ɗaya ba. Ɗan ya ce wa ubansa idon ammi, yadda suke kiran tsohon, ya ƙare, halas, shi ke nan. Uban, wanda ba mugu ba ne, ya ce a sake gwadawa bayan Juma'a biyu. In abin bai yiwu ba, akwai kujerar gadi a ƙofar rumbu, albashi bai canza ba.

Ba daga bakinsa na ji ba. Surukata ce ta gaya wa 'yarta cewa kwana uku ke nan tuwo na komawa yadda aka kai shi, kuma tsohon ya ce in ya sa ido a gilashin nan duhu kawai yake gani, ya tabbata makanta ce ta fara. Maiɗakina ta faɗa mini tana tankaɗe, ba ta dube ni ba, ba ta kuma roƙe ni komai ba. Ta dai ce mahaifinta ba zai yi wata uku a kan kujerar gadi ba.

Kwana biyu bayan haka sai ga shi a shagona, wai agogonsa yana gudu. Agogon lafiyarsa ƙalau. Ina buɗe bayansa don in ja lokaci, na ajiye wani darbil a kan tebur kamar da mantuwa. Ya ɗauka ya juya wajen teku. Can ya ce jirgin da ke shigowa yana da zobe biyu ja a bututun hayaƙinsa, kuma wani mutum a samansa yana shanya riga. Na karɓa na duba, haka ne. A nan na san ba ido ba ne.

Na ce masa, ina kallon agogon, akwai madubai biyu da wani ya dawo mini da su yana ƙorafi, ni kuwa ban san bindiga ba, ko Baba zai taimaka ya gwada mini su. Ya ce zai nemi izinin maigidansa. Mu duka mun san ƙarya nake yi.

Ran Talata da hantsi muka hau motar ɗaukar kaya zuwa Khumra, muka taka zuwa filin gishirin, shi a gaba da bindiga naɗe cikin bargo, ni a baya da jaka. Na kafa wani allon katako taku ɗari, na shafa masa baƙin gawayi a tsakiya. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya ɗaga bindigar da babban madubin nan a kanta. Ni kuma na tsaya a bayansa, wurin da zan iya kallonsa ba tare da ya ga ina kallo ba.

Kafin ya taɓa kunamar bindigar na ga matsalar. Kansa a tsaye yake ƙyam, kuncinsa nesa da katakon gindin bindigar, kuma da yatsansa ya fara matsawa sai fuskar ta ɗan karkace hagu. A kuncin damansa akwai ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa masa gero. Maiɗakina ta taɓa gaya mini albarushi ne ya shiga fatar, ranar da wata bindigar toka ta yi masa aman wuta yana matashi. Duk wanda ya koyi harbi da irin wannan bindiga, abu na farko da yake koya shi ne ya nisanta fuska. Da tsinin ƙarfen saiti na bisa bindiga ya saba, ya san yadda zai rama wannan nisa, shekara arba'in bai ji kunya ba. Madubi kuwa ba ya yarda. Yana da wuri ɗaya tak da ido zai tsaya. Ka kauce kaɗan, baƙi za ka gani.

Ya harba, ƙasa ta tashi can gefen allon. Ya sauke bindigar a hankali ya ce, "Ka gani ko."

Da wani ne, da tuni na sa tafin hannu a ƙeyarsa na danna kan ƙasa kamar yadda wanzami ke yi. Na yi wa attajirai haka, na yi wa wani hafsan soja. Amma hannuna ba zai hau kan surukina ba, bakina kuma ba zai iya cewa Baba ba ka iya riƙe bindiga ba. Na tsaya da ilimin a cikina kamar mai riƙe da ruwa a gaban mai azumi.

Sai na ce bari ni ma in gwada, ko laifin madubin ne. Nufina in kwantar da kuncina a katakon yana gani, ba tare da na ce uffan ba. Na durƙusa, na manna kunci yadda nake nuna wa masu saye a shago da bindigar da ba harsashi. Abin da na manta shi ne babban madubin nan yana son ido kusa ƙwarai, bindigar kuma tana da shuri. Na tura fuska gaba har hoton ya cika, na ja kunama.

Ban ji ƙarar ba. Na dai ga ina zaune a ƙasa, jini na gangarowa cikin idona.

Hannu biyu masu kaushi suka kama kaina. Ya yagi bakin rawaninsa ya danne wurin, ya ɗaga haɓata yana duba ko idon ya tsira. Ran nan na ga ƙwayar idonsa, ruwan ƙasa ce mai haske.

"Mai sayar da madubi," ya ce, "ashe ba ka san tsawon fuskarka ba."

"Ban sani ba, Baba."

"Shekara nawa kana cin kuɗin mutane?"

"Sha ɗaya."

"Allah ya shirye ka. Riƙe nan."

Da jinin ya tsaya ya ce in cire wannan abin mai cizo in sa wani. Na kwance babban, na ɗaura ƙaramin mai ninki huɗu, wanda na zo da shi don shi tun farko. Na miƙa masa, bai karɓa ba. Ya zare harsashi, ya ce in sake durƙusawa in sa ɗayan idon, shi zai nemo mini wurin da ba zan sake zubar wa 'yarsa da jinin miji ba.

Ya tsaya a kaina, tafinsa a ƙeyata. Ya ja kan baya ya ce me na gani. Na ce ɗan haske a tsakiya, baƙi ya kewaye shi. Ya ɗaga shi sama, na ce duhu ne gaba ɗaya, irin wanda shi ya ɗauka makanta ce. A nan hannunsa ya tsaya, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya danna ƙasa har kuncina ya zauna a katako, ya tura gaba kaɗan kaɗan, yana tambaya ina ba shi amsa, har na ce yanzu ya buɗe, ga allon, ga gawayin, ga zare biyu na saiti da suka gitta juna a cikin gilashin. Ya sa yatsunsa tsakanin girata da bakin gilashin. Huɗu suka shiga.

"Yatsu huɗu," ya ce. "Wuta ba ta isowa nan?"

"Ba ta isowa, Baba. Wannan a rufe take ta baya."

Ya karɓi bindigar, ya durƙusa, na koma bayansa. Na ga wuyan nan yana gardama da shi. Sau biyu kuncin ya sauko ya koma. A na uku ya zauna. Ya daɗe a haka yana kallo, bai sa harsashi ba, har na ji ya yi hamdala a hankali, ba don ni ba.

Sauran aikin nawa ne. Yana harbi ina juya ƙusoshin saiti, har harsashi ya fara faɗawa cikin gawayin. Fuskar ba ta daina kaucewa ba, amma yanzu sai bayan harsashi ya fita, wannan kuwa ba ruwan barewa da shi. Abu ɗaya ya nema: a naɗa wa katakon fata mai laushi inda kuncin ke zama. Na kai wa wani baduku a unguwa, ya ɗinka a rana ɗaya.

Ban je gwajin ba, ba wurina ba ne. Direban gidan ne ya biyo ta shago da la'asar ya ba ni labari. Ɗan attajirin ya ga ƙaramin madubi ya tambaya ko na wasan yara ne. Tsohon ya ce nasa babban yana nan a naɗe, ba abin da ya same shi. Aka jera gwangwani uku, ya kayar da biyu, na ukun ya goge shi ya bar shi yana juyi. Uban ya ce yalla, a loda kaya. Kujerar gadi aka ba wani.

Ya ƙara fita shekara huɗu. Da ya bari, da kansa ya bari, don barewar ta yi ƙaranci, a cewarsa motoci sun cinye dajin, yini guda yana bin ƙasa ba ya ganin sawu sai na taya.

Abokan kasuwata sun sha cewa da gangan na bari madubin ya sare ni, don sun san ni da dabara. Ina ma wayona ya kai nan. Abin da na shirya shi ne in nuna, kuma na fi zaton da na nuna ɗin lafiya lau, da ya kalle ni ya gane ana koya masa, ya naɗe bindigarsa mu koma gida. Hanyar da ta buɗe ban san da ita ba, ko da yake tun ina yaro nake ganinta: ƙarami ba ya taɓa kan babba, amma babba yana taɓa kan ƙarami duk lokacin da ya so.

Bayan wannan Talatar komai ya koma yadda yake. Na ci gaba da tuɓe takalmi, ya ci gaba da amsa gaisuwata yana kallon wani wuri, ba mu taɓa tayar da zancen ba har ya rasu. Sai dai dawowarsu daga fitar farko, ya aiko gidana da cinyar barewa, a naɗe cikin sauran rawanin nan mai yagaggen baki. Maiɗakina ta wanke shi ta ce za ta mayar. Na ce ta bar shi, ai ba da mantuwa aka aiko shi ba.