Azumin da Aka Rasa Firayim Minista

Ranar Asabar ce, sha biyar ga watan Janairun 1966, cikin goman ƙarshe na azumi. Na dawo daga bayan gari da ƙunshin harawa a kaina, na tarar da zauren Kawuna Malam Lawal cike da mutane, har da waɗanda ban taɓa ganin sun tako gidanmu ba. Sun kewaye rediyonsa. Na gaishe su, ba wanda ya amsa. Na wuce na zuba wa tumaki harawar, na dawo na tsaya a bakin ƙofa. Nan na ji ana cewa sojoji sun yi juyin mulki, sun kashe manya a Kaduna, Firayim Minista kuma sun ɗauke shi a Legas, ba a san inda yake ba.

Ni ɗan Ruma ne. Baba manomi ne, yana da 'yan shanu da gona a bakin daji. Kawu, ƙanen mahaifiyata, shi ne malamin firamare a Batsari, kuma shi ya yi ta naci har Baba ya ba shi ni ya sa ni makaranta. Kullum da sassafe nakan ɗebo ruwa a rijiya, in share zaure, in sha koko a tsaye, in ruga kafin a buga tsohon ƙarfen da aka rataye a jikin darbejiya. Lokacin tara mu yi langa har gwiwoyinmu su kwaile. A bangon ajinmu akwai hoton Firayim Minista da rawaninsa. Kawu yakan nuna shi da tsinin sanda ya ce, "Wannan da kuke gani malami ne irina. Alli ya fara riƙewa kafin ya riƙe ƙasa." Yakan ba mu labarin yadda suka yi ta zama da Turawa har aka miƙa mana mulkin kanmu, ba tare da an ɗaga bindiga ba. In aka sa jawabinsa a rediyo sai Kawu ya zaunar da ni in saurara. Ba na jin Turanci a lokacin, muryar kawai nake ji, a natse, ba gaggawa.

Ana gab da Sallah labari ya zo cewa an tsinci gawarsa a daji, a gefen hanya, can kudu. Kawu bai yi kuka ba. Ya ci gaba da zuwa masallaci, ya ba tumaki dusa, ya daina kunna rediyo. Ranar Sallah muka sa sababbin kaya, muka je idi, muka dawo muka ci tuwo. Na riƙa duban fuskokin manya ko zan gane abin da ya kamata in ji, ban gane ba. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Bayan Sallah sai ga Baba a kan jakinsa. Suka gama gaisawa, ya sha ruwa, sannan ya ce, "Lawal, na zo tafiya da Sada."

"Yaya, wani laifi ya yi?"

"Bai yi komai ba. Kai ka ce mini boko zai kai shi inda ya kai mutumin nan. To, na ga inda ya kai shi."

Kawu ya sunkuyar da kai, ya shiga ciki ya ɗauro mini kayana.

Shekarar nan a Ruma na yi ta. Muka yi sharar gona, ruwa ya sauka muka shuka gero da dawa, na bi shanu bakin daji ina cin ɗinya, ba abin da muke tsoro sai maciji. Ban tambayi Baba yaushe zan koma ba. Da kaka Kawu ya zo a kan kekensa gaida mahaifiyata, bai ta da maganar ba ko kaɗan. Yana shirin tafiya Baba ya ce, "Tafi da shi. Ko a gona, da kara yake wuni yana rubutu a ƙasa. In da rabon su kashe shi, ai Allah ne mai shi."

Haka na koma. Na zama malami, na koyar a Safana da Zakka da Runka har na yi ritaya. Shekarun baya na ga 'yan'uwana na Ruma kwance a cikin azuzuwa a Batsari, sun gudo daga 'yan bindiga da tabarmi da tukwane. Gonar Baba ta koma saura, ba mai iya zuwa. Jikokina sun san Firayim Ministan a matsayin tambayar jarrabawa. A wancan lokaci kisan mutum ɗaya a nesa ya isa ya sa uba ya hau jaki ya zo ya ɗauke ɗansa. Yanzu labarin kisa yakan shigo ta waya muna cin abinci, sau da yawa ma wanda muka sani ne, mu yi salati, mu tambayi lokacin jana'iza, mu ci gaba da ci. Ban san ranar da muka saba ba.