Fasfona a Adakar Baba

A shekarar da sojoji suka koma bariki, hotunan 'yan takara ba su gama ɓantarewa daga katangun unguwarmu ta Koki ba, shugabanmu a wurin aiki ya kira ni ya ce an zaɓe ni in je kwas na wata uku a kan noman shinkafa a Indonesiya. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aikin malamin gona. An ce komawa mulkin farar hula ne ya sa ƙasashe suka sake aiko mana da gayyata. Ban san iyakar gaskiyar wannan ba, haka dai na ji manya suna faɗa.

Da fasfona ya fito, sai na kai wa Baba a zaure, inda yake aikinsa na dukanci. Ya goge hannu, ya jujjuya shi.

"Ina ne wurin?"

"Tsibirai ne, Baba. Teku ce ta kewaye su."

"Ta ko'ina?"

"Ina jin ta ko'ina."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adakar da yake ajiye takardun gida. Da ya fito hannunsa babu komai, ya zauna ya ɗauki basillarsa, ya ce, "Tukuna."

A gidanmu mun san tukunan Baba. Ina firamare na roƙe shi keke, ya ce tukuna, har na yi gemu ban ga keken ba. Ga shi ofis kwana goma suka ba ni in kawo fasfon a nemi biza, in ba haka ba a ba wanda yake bayana. Na san inda makullin adakar yake, amma ko da wasa ban yi tunanin taɓa shi ba. Ba zan iya hawa jirgi Baba bai sa mini albarka ba.

A kwana na uku ya ce da ni, ba tare da ya ɗago kai ba, "Je ka Mandawari wurin Yaya. Ita ta zauna da mutanen can."

Gwaggo yayar Baba ce. Ta yi shekaru a Makka tare da mijinta marigayi, tana girki a wani gida da alhazan Jawa suke sauka, wato mutanen ɗaya daga cikin tsibiran Indonesiya. Na same ta bayan la'asar tana tsince zogale. Na je da littafin rubutu, da kuma wata ƙatuwar rigar sanyi da maƙwabcinmu ya ba ni aro, domin a unguwarmu in an ce ƙasar waje, sanyi ne yake zuwa ran kowa.

Ta ɗaga rigar da yatsa biyu. "Wannan fa? Gasa kanka za ka je yi?"

Na ce a taswira dai na ga wurin yana da zafi, amma na ga kamar yin tanadi ba laifi ba ne.

"Mayar masa da abinsa. Ɗan nan, ka san kwanakin tsakiyar damina da wanki yake ƙin bushewa? To, su haka shekararsu take. Sun ce mini gishirinsu ma jiƙewa yake yi a cikin kwano."

Daga nan ta bi jerin kayan da na rubuta tana sokewa. Shadda mai sitaci ta ce kafin azahar za ta lafe mini a jiki, in nemi yadi mara nauyi, riguna kaɗan waɗanda suke bushewa da wuri. Kilishi ta ce zai yi fumfuna kafin in ba kowa. Laima, gidan sauro, silifa na roba saboda yawan cire takalmi, waɗannan ta yarda. Kayan fata kuwa, da na yi niyyar kaiwa tsaraba daga zauren Baba, ta ce sai an shafe su da mai, kuma in riƙa fito da su suna shan iska.

Ya kamata in faɗi cewa abin da Gwaggo ta sani ta koya ne daga alhazai, shekaru masu yawa kafin lokacin, kuma mutanen tsibiri ɗaya ne a ƙasa mai tsibirai barkatai. Ita ma ba ta ɓoye ba. "Ban taɓa taka ƙasarsu ba," ta ce, "amma na wanke kwanukansu, kuma mai wanke kwano yana ganin abin da mai gida bai gani ba."

Washegari ta dafa shayi ta ajiye a gabana, ta ce in ɗauka ita Bajawa ce ni baƙonta. Na yi abin da aka koya mini tun ina yaro.

"Alhamdu lillahi, Gwaggo, a ƙoshe nake."

"Ka faɗi jarrabawa. Nan Kano ne ake kunyar abinci. A can ka ƙi, ka ce gidan bai kai ba ke nan."

Na yi sauri na kai hannu ga kofin. Ta buge mini hannu da mafici.

"Ka sake faɗuwa. Wa ya ce ka sha? Jira za ka yi, ko zai huce, sai mai gida ya ce bismilla. Sannan ka kurɓa kaɗan. In ka shanye tas, cewa ka yi a ƙaro."

Kwana huɗu muna haka. Ta hana ni nuna abu da manuniya, sai da babban yatsan dama, sauran a dunƙule. Ta ce in zan gifta gaban manya in rusuna, hannun dama a ƙasa. Ta ce kada in shafa kan kowa, ko da da niyyar sa albarka ne kamar yadda muke yi a nan. Ta ce kada in tsaya hannu a ƙugu. Abin da ta fi nanatawa shi ne murya.

"Mu in muna gaisawa daga nan ana jin mu a Ƙofar Ɗan Agundi. Ranar farko da na yi wa wata Bajawa sannu da zuwa, sai baiwar Allah ta ja da baya, ta ɗauka faɗa nake yi. Su ko rai ya ɓaci, murmushi suke yi su rage murya."

Na yi ta mamakinta. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma babu motsin baƙinta da ya wuce ta, kuma ba ta taɓa faɗin ɗabi'arsu da raini ba. Kullum sai ta ce, "Su ma iyayensu ne suka koya musu, kamar mu."

A rana ta ƙarshe na kasa daurewa, na gaya mata saura kwana biyu, kuma Baba ya riga ya ce tukuna. Na ce wataƙila ma gara a ba wani, tunda ni komai sai na yi ta jinjina shi, har abokaina suna tsokanata da cewa ba na iya faɗin i ko a'a.

Ta yi dariya har ta ajiye maficin. "To ai ƙasarku za ka. Mutanen nan ba sa son cewa a'a. Suna da wata kalma, belum, ma'anarta tukuna. Ka ci abinci? Belum. Ka yi aure? Tsoho mai furfura zai ce belum. Ka taɓa zuwa Kano? Belum. Ba sa rufe wa abu ƙofa, sai Allah ya rufe. Tashi mu je in ga ubanka."

Mun tarar da Baba a zaure. Ya miƙe ya shimfiɗa mata buzu.

"Yaya, da kanki?"

"Da kaina. Tun kana rarrafe kake wahalar da mutane, yanzu ka koma kan yaro. Sa a kawo shayi."

Aka kawo. Ni dai na zauna, kofi a gabana, hannuwana a kan cinya. Suka yi ta hirar 'yan uwa, da sabon kansilan unguwa, da tsadar fata. Shayin ya daina tururi. Baba yana kallona ta gefen ido. Can ya ce, "Bismilla mana." Na ɗauka da dama, na kurɓa, na ajiye.

"Ya iya zama baƙo?" ya tambaye ta.

"Ya fi ka."

Sai ya juyo gare ni. "Kai fa, ka shirya?"

Na so in ce i, domin shi ne abin da zai fitar da fasfon. Amma na tuna teku, da harshen da kalma ɗaya tak na sani a cikinsa, da duk abin da ban rubuta a littafina ba. Na rage murya na ce, "Tukuna, Baba. Amma ina son in je."

Baba ya gyaɗa kai. Sannan ya ce da na ce na shirya, da bai ba ni ba, domin shi abin da yake tsoro shi ne in je ƙasar mutane ina ganin na san komai don na yi jami'a. Bai shiga ɗaki ba. Hannu ya sa ƙarƙashin fatun da yake aiki a kansu, ya zaro fasfon. Yana cikin wata riga ta jar fata, ɗinki ƙanana a jere, an yi ta daidai da shi. Irin wannan aikin, a sanina, ba ya ƙarewa a kwana ɗaya ko biyu.

Ya riƙe hannuna ya yi addu'a mai tsawo, Gwaggo tana amin. Da ya gama ta karɓi fasfon ta shinshina fatar.

"Ka shafa mata mai?"

"Sau biyu, Yaya."

"To, kai kuma ka riƙa fito da ita tana shan iska."

Na buɗe littafina na rubuta wannan ma.